Abin da dwm.exe ya koya mini a wurin aiki

Cikin koke-koken da suka fi zuwa teburina akwai wannan: fanka tana ta ƙara, kwamfuta ta ɗau zafi, mai ita kuma ya rantse bai buɗe komai ba. Ya leƙa Task Manager, tagar Windows da ke nuna manhajojin da ke aiki, ya ga wani abu mai suna Desktop Window Manager, wato dwm.exe, yana cin kashi 30 ko 40 cikin ɗari na katin girafik, sashen kwamfuta mai zana hoton da ke fitowa a allo. Buƙatarsa ɗaya ce, a kashe masa shi.

To, ba a iya kashe shi. Tare da Windows Vista ya shigo, a Windows 7 ma ana iya dakatar da shi, amma tun daga Windows 8 a 2012 ya zama dole. Ko ka tsayar da shi da ƙarfi, allo zai yi baƙi ne na ɗan lokaci ya sake tasowa. Aikinsa shi ne harhaɗa hoto: kowace manhaja tana zana tagarta a gefe, shi kuma ya tattara su, ya sa inuwa da sheƙi, ya miƙa wa allo. Ɗan dako ne, idan ka ji yana nishi sai ka nemi wanda ya ɗora masa kayan. Wannan ne darasin da ya fi yi mini amfani.

Masu ɗora kayan kuwa suna da yawa. Shafin burauza da aka manta da shi, talla tana ta motsi a cikinsa. Hoton bangon allo mai motsi. Manhajar hira ko ta wasa da ke shimfiɗa rubutunta a kan sauran tagogi. Duk abin da ke canzawa a allo yana tilasta masa sake harhaɗawa, kuma allon da ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ya fi mai sau 60 ba shi aiki nesa ba kusa ba. Idan aka jona allo biyu masu gudu daban-daban, nan ma nakan ga nauyin ya ƙaru.

Sai kuma ita lambar kanta, wadda na ga tana ruɗa har masu gyara. Ma'aunin katin girafik ya shigo Task Manager ne a 2017, da sabuntawar Windows 10 mai lamba 1709. Katin yana da sassa, ɗaya na zanen 3D, wani na kwafe bayanai, wani na warware bidiyo, kuma lambar da kake gani ta sashen da ya fi shan aiki ce. Ga wani abu da ya fi wannan muhimmanci: idan kati ba shi da babban aiki yakan rage gudunsa ƙwarai don tsimin wuta. Kashi 40 na katin da ke tafiyar hawainiya ba wani abin tashin hankali ba ne. Shi ya sa yanzu ba na yanke hukunci sai na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna halin da kati yake ciki, na duba gudun katin da zafinsa da wutar da yake ja. Idan duka ukun suna ƙasa, nakan gaya wa mai kwamfuta lafiyarta ƙalau, zafin daga wani wuri yake, wataƙila ƙura ce ta toshe fanka. A kwamfutar hannu mai kati biyu kuma sai na duba wanne dwm yake hawa, ƙaramin na Intel ko babban na NVIDIA, domin idan babban ne batir ba zai daɗe ba.

Idan nauyin na gaske ne, abu ɗaya nake taɓawa a lokaci ɗaya. Na rufe burauza, na duba. Na kashe sheƙin tagogi, na duba. Na cire allo na biyu, na duba. Danna Win da Ctrl da Shift da B tare yana farfaɗo da direban girafik, wato manhajar da ke sarrafa katin, nan take. Idan lambar ta faɗi bayan haka, zargi ya koma kan direba, sai in goge shi tas da DDU, manhajar cire direban girafik, in sa wani, wani lokaci ma tsohon da ya gabace shi. Yana ba ni takaici in ga an canza saiti goma a zama ɗaya. Ko matsalar ta tafi, babu wanda ya san me ya kore ta, ranar da ta dawo kuma an koma farko.

Akwai bincike ɗaya da ba na tsallakewa, ko da ina sauri. Manhajojin ɓoye masu haƙar kuɗin kirifto da katin girafik na mutane sukan ari sunan dwm.exe. Na gaskiyar yana zaune ne a C:\Windows\System32, kuma sunan mai gudanar da shi yakan kasance DWM-1. Idan na buɗe mazauninsa na tarar da shi a wata folda daban kamar AppData ko Temp, ba na ƙara taɓa wani saiti, sai in cire kwamfutar daga intanet in fara wanke ta.