Fijon Baba da lissafin janareto

Asabar, Katsina.

Yau ban fita kasuwa ba. Da hantsi muka ɗaura wa Fijon Baba igiya, aka jawo ta daga gindin bedin ƙofar gida zuwa gareji a wajen Ƙofar Ƙaura. Peugeot 504 ce, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, kuma har gobe jikinta ƙarfe ne na gaske. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta doshi 1,000, motar take ajiye. Masu gwangwan sun taya, na ce ba ta sayarwa ba ce. Abin da nake so shi ne a mayar da ita mai lantarki.

Kafin azahar yara sun sauke injin. Lagireto, salansa, kabureta, tanki, duk aka jere su a ƙasa. Na leƙa cikin bonat, sai ga fili fayau, baƙin mai na shekaru ya daskare a kan ƙarfe, kan sandar giya ta leƙo ita kaɗai. Wurin nan moton lantarkin zai zauna. Makaniken ya ce akwatin giya yana nan daram, ba za a taɓa shi ba. Faranti mai kauri za a sassaƙa ya haɗa shi da moton, kuma dole tsakiyarsu ta zo daidai, in ba haka ba girgiza ta cinye su duka biyu.

Rewayan da zai yi aikin wuta ya ce in shiga in taka birki. Na taka, ya yi tauri. Ya ce, "To ka gani, Alhaji. Injin ne ke zuƙar iskar da ke sauƙaƙa maka birki. Tunda an cire shi, sai mun sa ɗan famfo na lantarki ya riƙa wannan aiki." Haka altaneta mai cajin batir ta tafi tare da injin, don haka fitilu da hon sai an sa na'urar da za ta rage ƙarfin babban batir zuwa volt 12. Hankalina ya kwanta da mutumin nan tun daga nan, don da birki ya fara, bai fara da zancen gudu ba.

Gardamar yau ta janareto ce. Ƙanena ya dage a kan a ɗora janareton gida a but, ya riƙa aiki muna tafiya, batir yana cika, ba tsayawa ba fargaba. Ya ce, "Yaya, ai ko Kano sai mu je mu dawo." Rewayan bai musa masa ba, ya yago kwali ya ɗauki biro. Ya ce daga nan zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne. Mota mai nauyin wannan, a ƙiyasinsa, za ta ci wajen yunit 15 a tafiyar, irin yunit ɗin da muke saye a mita. In kana gudun 80, awa ɗaya za ka yi. Janareton da ake magana kilowat 3 ne, wato yunit 3 yake bayarwa a awa. Kana zubar da biyar, yana mayar maka da ɗaya. Guga ne ake son ya cika rijiya.

Sannan ya ja layi ya ci gaba, kuma nan ne ni ma na gyara tsayuwa. Ƙaramin janareto ba ya fitar da abin da ya wuce yunit 2 daga litar fetur, sauran ƙarfin zafi da ƙara ne. Kafin wutar ta ratsa caja ta shiga batir ta fito ta juya moto, an ƙara asara. Abin da zai rage ba zai kai ka fiye da kilomita goma ba, kusan abin da Fijon ke yi da lita ɗaya tun tana da injinta. Ke nan wanda ya dogara da janareto kullum ya kashe kuɗin juya mota ne ya koma gidan mai ta bayan gida. Ribar tana ga wutar gida in an kawo, da kuma solar da ke kan rufinmu, wadda rana ke dukanta a banza tun safe.

Ƙanena ya ce ai BMW ta yi irin wannan a motarta mai lantarki i3. Gaskiya ne, ta sa ɗan injin babur mai silinda biyu wanda ba ya juya taya, wuta kawai yake samarwa. Amma ƙarfinsa ya ninka na janaretonmu sau da yawa, kuma da sanyayawarsa da hanyar hayaƙinsa aka tsara motar tun farko. Namu kuwa hayaƙin cikin but zai taru ya kutso kujerar baya. Iskar da ke kisa a hayaƙin janareto ba ta da launi ba ta da wari, kuma mun sha jin iyali sun kwana da janareto a rufe ba su tashi ba. 'Ya'yana ne za su zauna a kujerar nan. Na ce wannan magana a bar ta, ba na ma son a sake tayar da ita.

Abin da muka tsayar: za a yi wa janareton mazauni a but, a ɗaure, babu mai a cikinsa, galan daban. In batir ya ƙare a hanya, a ce wajen Mashi, sai a sauke shi ƙasa nesa da mota, a tayar, a jona caja. Awa ɗaya za ta ba da kimanin kilomita goma sha biyar, ya ishe ka isa gari.

Saura batir, shi ne babban kuɗin. Na ruwa ya fi araha amma nauyinsa zai durƙusar da motar. Litiyam muke so, irin mai jure zafi, don a watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, kuma zafi ke rage wa batir kwana. Aikin Mustapha Gajibo a Maiduguri, da ya mayar da ƙananan bas-bas masu lantarki, shi ya ƙarfafa mini gwiwa, don zafinsu bai gaza namu ba.

Bayan la'asar aka auna cikin bonat da wurin tsohon tanki, don a raba batiran gaba da baya nauyi ya daidaita. Injin tsoho na ce a wanke shi a sayar, kuɗin ya shiga na faranti da famfon birki. Ranar Litinin rewayan zai shiga Kano ya jiyo farashin moto da batir.