Gwangwanin sodar da ya ƙona ma ɗiyata jiki

Wata uku kenan amma har yau in na ga gwangwanin madara a kicin sai gabana ya faɗi.

Autata shekararta huɗu, tun tana goye take fama da bushewar fata da ƙaiƙayi, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya, da dare sai ta soshe har jini ya ɓata zanen gado. Mu a gida kyasbi muke ce mishi, munka yi ta shafa maganin kyasbi babu sauƙi, sai da likita ya ce mana ba shi ba ne, egzima ce irin wadda ke bin jini, ba a ɗauka, fatar ce kawai ba ta riƙe danshi kamar ta sauran mutane. Kuma kun san hunturun Birnin Kebbi, ko mai lafiya leɓensa tsagewa yake balle ita. Duk sabulun kantin da na sayo sai ta fito wanka tana kuka, masu ƙamshin nan su ne ma sunka fi tada mata shi. Shi ne na ce bari in haɗa nawa da hannuna in san abin da ke ciki.

Man kaɗe ba matsala, ƙanwar maigidana na aure a Zuru ita ta aiko min mai kyau wanda ba a gauraya ba, sodar yin sabulu kuma na saya a kasuwa. Inda na yi kuskure shi ne awo. Wata baiwar Allah a unguwarmu da ke yin sabulun wanki na sayarwa ita ta ba ni nata ma'aunin, gwangwanin madara ɗaya na soda, ruwa gwangwani biyu, mai lita ɗaya. Ban ga laifinta ba wallahi, ita na wankin kaya take yi kuma da man alayyadi take yi, shi alayyadi ya fi kaɗe cin soda sosai. Ni ce na ɗauki awon sabulun wanki na haɗa na wankan yarinya mai ciwo a fata, na kuma canza mai ban canza soda ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne sabulun ya nuna min alama har sau biyu na ƙi kulawa. Washegari da na zo yankawa maimakon wuƙa ta wuce sumul sai ya dinga farfashewa yana marmashi kamar jar kanwa. Sannan akwai ɗan yanka a yatsana, da na taɓa sai na ji raɗaɗi kamar barkono. Na ce ai sabo ne zai huce. Sati ɗaya kawai na bar shi, don ina ɗokin in ga yarinyar ta samu barci.

Ranar da na gwada mata da yamma ne bayan la'asar. Na goga a tafin hannuna na shafa mata a wuya da bayan gwiwa, sai ta ce Mama zafi, na ce yi haƙuri yanzu zan ɗauraye, don kullum haka take faɗa in ruwa ya taɓa inda ta soshe. Sai ta fasa wata irin ƙara tana tsalle cikin baho tana kama min zane. Da na duba wurin ya yi jawur yana sheƙi kamar an kwara mata ruwan zafi. Inna, mahaifiyar maigidana, ta fito da carbi a hannu tana cewa ke mi kinka sa ma jikata, kawo manja a shafa mata. Allah ya taimake ni ban saurara ba, na yi ta kwara mata ruwan randa har bokiti uku sannan munka nufi asibiti. Likitan ya ce ruwan nan da na zuba shi ne daidai, soda ruwa mai yawa take so ba mai ba. Ya duba guntun sabulun da na riƙo a leda ya ce Hajiya da mi kinka auna sodar, na ce da gwangwani, bai ce komai ba ya rubuta magani, ya ce sati biyu kar sabulu ko wane iri ya taɓa ta. Shirun nan da ya yi ya fi min faɗa ciwo.

Maigida cewa ya yi a bar zancen sabulu gaba ɗaya. Ni kuma na kasa haƙura sai na gane inda abin ya ɓaci, na sa aka sayo min ƙaramin sikelin kicin mai batir wanda ke nuna giram. Abin da na fara ɗorawa a kai gwangwanin nan ne cike da soda yadda na cika shi ranar, ya nuna giram 190. Na auna man lita ɗaya, ashe lita ba kilo ba ce, giram 900 da 'yan kai ne. Da na yi lissafi sodar da man nan ke buƙata ba ta kai giram 130 ba. Kenan sama da giram 60 na soda tsura ta rage cikin sabulun ba ta samu man da za ta ci ba, ita na shafa ma ɗiyata a kan fatar da dama a buɗe take. Na zauna gaban sikelin nan na yi kuka.

Kowane mai da sodar da yake ci, wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya min. Giram 100 na man kaɗe wajen giram 13 yake ci, man zaitun 13 da rabi, man kwakwa kuwa 18. Haɗi na biyu na sa kaɗe giram 400, zaitun 400, kwakwa 200, lissafin soda ya ba ni kusan 142, sai na rage da gangan na sa 132 don wani man ya rage bai zama sabulu ba, shi ke sa ya yi laushi a jiki, ruwa kuma giram 300. Kwakwar ban yarda ta wuce haka ba, tana kawo kumfa amma tana busar da fata. Man gyaɗa ya fi araha amma likita ya ce kar in sa shi a fatar yarinya mai irin wannan ciwon. Sauran kun sani, soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa kan soda ba, a tsakar gida inda iska take, da safar hannu, yara na nesa, kuma ban da tukunyar dalma don soda na cin ta, sai dai roba mai kauri ko silba irin ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Wannan karon sati shida cif na bar shi saman wadrob ina juya shi. Na sani jiran ba zai gyara na farkon ba, ko shekara ya yi sodar tana nan, amma na riga na tsorata. Na yi wanka da shi ni kaɗai kwana biyar, har kan yankan wuƙa na goga, sannan na shafa mata ɗan kaɗan a hannu na jira kwana biyu.

Ƙawayena sun yi ta cewa in sa turare, in sa kurkum, in matsa lemun tsami wai yana goge tabo. Ban sa komai ba, warin kaɗe yake yi kuma haka nake son shi.

Alhamdu lillahi ba ta kuka da shi. Amma gaskiya ba zan ce sabulun ne ya kawo sauƙin ba, likitan ma ya ce duk kyan sabulun soda ya fi ƙarfin fata, a ma'aunin da suke auna kaifi shi yana wajen 9 zuwa 10 ita fata wajen 5. Don haka hamata da wuya da ƙafa kawai nake sa mata, inda ciwon ya tashi ba na kai shi, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, wanka gajere ba soso, tana fitowa kafin jikin ya bushe in mulke ta da man kaɗe ko basilin, in ya tashi kuma in shafa maganin asibiti yadda anka ce. Yanzu zafi ya fara shigowa, zufa ma tana tada mata shi, muna dai lallaɓawa.

Na farkon yana nan a leda na rataye shi can sama cikin sito, da shi nake wanke bayi ina sanye da safar hannu. Tabon bayan gwiwarta ya fara komawa kalar jikinta, na wuyan ne har yanzu da saura, kullum in ina shafa mata mai sai idona ya kai wurin.