Sati na bakwai da awakina: tarin da ya ci min taure

Salam 'yan uwa masu koyon kiwo, kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hunturun nan ne ya sa ni gaba.

Jajayen awakin nan biyar irin na Sakkwato da na ƙaro, a bayan a-kori-kura aka kawo su da sanyin asuba ga ƙura, ni kuma na zuba su cikin tsofaffin kai tsaye ban ware su ba. Kwana huɗu tauren cikinsu ya daina taɓa harawa, ya koma lungu ya miƙe wuya yana haki, majina ta toshe hanci, in ya yi tari duk jikinsa sai ya girgiza. Na sa tamomita ta nuna 41, alhali lafiyayyar akuya wajen 39 take. Ko da likitan dabbobi ya iso sai yanka.

Da aka feɗe ya nuna min huhun, gabansa ta ƙasa ya yi jajir ya yi tauri kamar hanta, ya yanko kaɗan ya jefa a kofin ruwa ya nutse, na lafiyayyen wajen kuma yana yawo a sama. Har yanzu abin yana idona.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ƙwayoyin bakteriyar da ke kawo irin wannan ciwon huhu, Mannheimia haemolytica da Pasteurella multocida, dama suna zaune a hanci da maƙogwaron akuya ko tana lafiya ƙalau, sai wahalar tafiya ko sanyi ko zarnin fitsari ya karya mata jiki sannan su gangara huhu, kun ga ashe mu ne ke buɗe musu ƙofa. Akwai kuma wata ƙwayar mai kama huhu, Mycoplasma, ita fenisilin ba ya mata komai don ba ta da bangon da maganin ke fasawa. Don Allah a daina sayo allura a kemis ana cakawa da ka.

Biyu da suka fara tari likita ya yi musu allurar oxytetracycline mai dogon aiki, mil 1 a kilo 10, na raba musu wajen ci da sha. Na kwashe kashin turken, na rataya buhu ta gabas inda iskar ke bugowa amma na bar sama a buɗe. In sun warware za a yi musu rigakafin PPR (annobar awaki da tumaki) na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, tunda ita ma cutar takan share wa bakteriya hanya.

Yau da safe ƙaramar ta ci dusa tana tuƙa, babbar har yanzu tana tari da dare.