Ƙullin da ake kwancewa da hannu ɗaya

Wanda ke fita da ƙaramin kwalekwale shi kaɗai ya san ɗaure shi ba wuya, kwancewar ce aiki. Hannu ɗaya na riƙe da filafili, ruwa na jan jirgi, igiya ta jiƙe ta tamke. Shi ya sa na koyi ƙulli mai kunne, wanda fisga ɗaya ke warware shi.

Na fara da wanda ake ninka igiya sau uku. Za ka ninka ta, ka tura kunnen ta bayan turke, ka ninka ɓangaren da ke riƙe da jirgi ka cusa cikinsa, sannan ka ninka jelar, wato ƙarshen igiyar da ba ya riƙe da jirgi, ka cusa cikin kunne na biyu, ka tsuke. Daɗinsa shi ne igiyar ba ta zagaye turke gaba ɗaya, don haka kana zaune cikin jirgi ka ja jela, komai ya zube. Amma na ga yadda yake yi idan turken mai kauri ne, ko igiyar ta leda ce mai santsi: duk lokacin da ruwa ya kaɗa jirgi ya fisgi igiyar, sai kunnen ƙarshe ya ɗan nutse ciki, kaɗan-kaɗan har ya kife. Yanzu ba na amfani da shi sai in zan sauke kaya, idona na kan jirgin.

Wanda na fi yarda da shi ya fi sauƙi. Ina naɗa igiya sau biyu a jikin turke, sannan in ninka jelar in ɗaura ta a kan igiyar da ta tafi jirgi, kunne a waje. Naɗin nan biyu su ke ɗaukar nauyi, ƙullin tsare su kawai yake yi, shi ya sa ba ya cijewa ko da ruwa na ja. Idan na fisge jela, naɗin na nan, sai in riƙa sakin igiyar a hankali maimakon jirgi ya kuɓuce min.

Jelar nakan bar ta da tsawo, ta kai inda nake zama. In zan yi nisa kuwa, sai in zura bakinta cikin kunnen, don ko yaro ya ja ko ƙafa ta harɗe ta, ba za ta kwance ba. Kuma ina barin igiyar da ɗan sassauci, domin ruwa na iya hawa ko sauka kafin in dawo.