Ranar rabon taki

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau muka raba takin ƙungiyarmu ta manoma a ƙofar gidan dagaci, kuma saura ƙiris in zubar da mutuncina da bakina. Buhu 60 muka haɗa kuɗi muka sayo daga Dutse, ni ne shugaba, ni ne kuma na rubuta sunaye. Da rabo ya ƙare sai ga wani dattijo, sa'an mahaifina, bai samu buhunansa biyu ba. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Kai yaro, dama an gaya mana alƙalamin ɗan boko ya fi wuƙa kaifi." Zuciyata ta tafasa, amsa mai ɗaci ta zo har bakina, domin ko kwabo ban taɓa ci na ƙungiyar nan ba.

Abin da ya kama mini harshe tsohon abu ne. Lokacin da nake sakandare a Kano, nakan je filin golf ranar Asabar in ɗauki jakar sanduna don in samu na sabulu. Mutanen ƙauyenmu suna kallon wasan a matsayin shagalin masu kuɗi, ko da yake marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa filinsa a nan Jigawa, kuma ba zan ce sun yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma akwai wani Alhaji da na daɗe ina bi, wanda idan ya yi mummunan bugu ba ya cewa uffan sai ya taka da ƙafa ya isa inda ƙwallon ya faɗa. Rami 18 ake zagayawa, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci, ƙwallon yana ajiye ba ya motsi, babu mai tare ka, saboda haka babu wanda za ka ɗora wa laifi. Na sha ganin mutum ya yi bugu cikin fushi ya fita daga yashi ya faɗa cikin ciyawa, kuskure ɗaya ya haifi uku.

Shi Alhajin ne ya ba ni labarin Bobby Jones, Ba'amurken da a 1921, yana ɗan shekara 19, haushi ya sa ya ɗauke ƙwallonsa ya bar gasa a St Andrews ta Sikotilan. Shi ne kuma a 1925, a babbar gasar Amurka, ya ce ƙwallonsa ya motsa yayin da yake shirin bugu, ya nace a ƙara masa bugu ɗaya na hukunci alhali alƙalan wasa ba su gani ba. Ya ƙare kunnen doki da wani, aka sake karawa, ya rasa kofin. Na fi tuna na farkon, domin ya nuna mini cewa haƙurin nan koyonsa ya yi.

Sai na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bari in sake duba littafi." Na taka zuwa inuwar darbejiya, ba don haske ya fi a can ba, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ashe na rubuta wani mutum daban sau biyu, da sunansa na yanka da kuma laƙabinsa, shi ya karɓa da safe, ɗansa ya zo da amalanke ya sake karɓa cikin rashin sani. Babu wanda ya san haka sai ni, kuma da na ce masu lodi ne suka yi kuskuren ƙirga, da kowa ya yarda.

Na dawo na durƙusa na ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, kuskuren daga hannuna yake." Na karanta sunayen biyu da ƙarfi, na sa aka kai wa dattijon buhunana biyu. Wasu matasa sun yi dariya, kuma ta yi mini zafi fiye da yadda na zata. Dattijon bai janye maganarsa ba, "Allah ya kyauta" kawai ya ce, ya bi bayan amalanke.

Maiɗakina ta tambaye ni da me za mu yi wa masararmu taki, ga shi hadari yana haɗuwa a gabas. Gobe bayan asuba zan je gidan mutumin da ya karɓa sau biyu in karɓo buhunan, in dai bai riga ya buɗe su ba.