Tsohuwar M3 da na sayo daga Kwatano

Na daɗe ina sha'awar motar BMW M3 samfurin E46, wadda aka ƙera tsakanin 2000 da 2006, saboda injinta mai silinda shida da lita 3.2. Wadda na samu a Kwatano ta riga ta ci kilomita 190,000, amma lambar ba ta dame ni ba, domin kowa ya san ana iya mayar da mita baya.

Abin da na fi kula da shi shi ne ƙasan motar. Wannan samfurin ya yi suna wajen tsagewar ƙarfe a daidai inda aka ɗaure ƙafafun baya, don haka na sa bakanike ya shiga rami da tocila, ya kankare laka da ɗan yatsa, sai ga tsaga siririya kamar zare. Nan take dillalin, wanda ya rantse cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Jamus, ya sassauta farashi.

Na saya, aka yi walda. Wahalar da ban hango ba ita ce baƙin mai, domin injin yana buƙatar nau'in baƙin mai da ake kira 10W-60, wanda sai na aika Legas kafin kowane juye.