Laraba, ni da haraji a Bagauda

Yau kam tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, na jona ruwan shayi na ɗauko littafin dokar filaye da gidaje na buɗe babin haraji, wanda sati biyu ke nan ina tsallake shi. A Lo Skul, wato makarantar horar da lauyoyi da nake yi a nan Bagauda, haraji ba darasi ne mai zaman kansa ba, yana cikin wannan littafin ne, shi ya sa da yawanmu muke raina shi sai jarabawa ta matso.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne dokar ta canza a hannunmu. A jami'a mun haddace harajin ribar sayar da kadara kashi 10 cikin 100 ne a ƙarƙashin dokar 1967 da aka yi ta gyarawa, harajin kan sarki kuma dokarsa ta 1939 ce, to ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokoki guda 4, daga 1 ga Janairu 2026 aka haɗe waɗancan duka cikin doka ɗaya, hukumar tara haraji ta tarayya ma aka canza mata suna daga FIRS zuwa NRS. Yanzu kamfani kashi 30 zai biya a kan ribar, mutum kuma ana bin matakan harajin samunsa ne, naira 800,000 na farko babu komai, har a kai kashi 25. Sai na raba takarda biyu, tsohuwa a dama da jan biro, sabuwa a hagu da shuɗi, na manna a bangon gadona.

Bayan azahar ina laburare Kawu ya kira. "Barista, an samu mai sayen filin nan fa, sai dai lauyansa ya ce takardata ba ta cika ba." Na ce Kawu wace takarda ce a hannunku, ya ce wadda suka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu mana. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na san takardar nan, tana cikin wata baƙar leda a ƙarƙashin katifarsa, ta yi ja ta tsage ta wajen ninki, babu kan sarki, babu amincewar gwamna da sashe na 22 na dokar filaye ta 1978 ya tanada. Shekara da shekaru yana ganin ya mallaki abu, ashe rabin hanya aka tsaya.

Da muka gama na zauna na buga lissafi da kaina. A ce an sayi fili miliyan 2, an ja katanga da 500,000, dillali da lauya sun ci 300,000, aka sayar miliyan 6. Duk waɗannan ana cire su, riba ta zama miliyan 3 da 200,000, a tsohuwar doka 320,000 ke nan haraji. Sau nawa na karanta wannan ban gane ba, yau da na sa katangar Kawu a ciki sai ya zauna daram. Kuɗin fenti da gyaran yau da gobe ba sa shiga, nan ne ake kama mutane a jarabawa.

Da daddare mun zauna da ƙawata muna yi wa juna tambaya, wa ke karɓar harajin kan sarki in ɗaya daga cikin masu cinikin kamfani ne, tarayya, in duka mutane ne fa, jiha. Na kasa sau ɗaya a takardar shaidar biyan haraji, ashe shekara 3 na baya take nunawa. Gobe sai na maimaita, kuma na ce wa Kawu ya ɗauko min hoton takardar gaba da baya kafin ya karɓi ko sisi.